Gejin tukunyar iskar kabon da yadda ake karanta shi

Bayan da Shugaba Jimmy Carter ya sanya hannu a dokar da ta halatta wa Amurkawa dafa giya a gida a shekarar 1978, sannu a hankali masu wannan sha'awa suka karkata ga tsofaffin gangunan ƙarfe masu cin lita 19 da kamfanonin lemo suka daina aiki da su, suna zuba abin shansu a ciki, suna tura shi zuwa famfo da iskar kabon dayoksaid, wato iskar da ke sa lemon kwalba kumfa. Ma'aikacin da ya daɗe yana cika tukwanen wannan iska ya san cewa ƙorafin da ya fi yawa shi ne tukunya ta ƙare kwatsam alhali geji bai nuna alamar komai ba.

A bakin tukunyar ana ɗaura na'urar rage matsi mai geji biyu, duka suna awo da psi, wato nauyin laba a kan kowane murabba'in inci. Ɗaya yana nuna matsin da ke shiga ganga, kuma shi mai kaya yake saitawa da hannunsa, galibi tsakanin 10 da 12 idan sanyin firji yana digiri 3 ko 4. Dalili kuwa, kamar yadda William Henry ya bayyana a 1803, iskar da ke narkewa cikin ruwa tana ƙaruwa gwargwadon matsin da ke kanta, don haka idan aka zarce abin sha zai fito da kumfa zalla, idan aka gaza kuma ya yi lami.

Ɗaya gejin, mai nuna matsin cikin tukunya, shi ne yake rikita mutane. Abin da ke cikin tukunyar ruwa ne, iskar da aka matse har ta zama ruwa, da tururinta a sama, kuma duk sa'ad da aka ɗebi tururi sai wani ɓangare na ruwan ya tashi ya cike gurbinsa. Saboda haka muddin akwai ragowar ruwa, ko da cokali ɗaya ne, allura ba ta bin yawan abin da ya rage, zafin wurin take bi. A digiri 21 tana tsayawa kusa da 850, cikakkiyar tukunya ce ko wadda ta kusa ƙarewa. Idan aka saka ta a firji sai ta sauko wajen 550, har mai kaya ya zaci iska ta zube alhali ba abin da ya ragu. Ranar da allurar ta fara faɗuwa ba tare da zafi ya canza ba, ruwan ya riga ya ƙare. Hanyar da ba ta kuskure ita ce sikeli, kamar yadda ake sayen gas ɗin girki da kilo: a cire na'urar, a auna tukunyar, a debe nauyinta na lokacin da take wayam, wanda aka buga a kafaɗarta bayan haruffan TW.

Batun zafi ya fi shafar masu walda da wannan iska da gidajen abinci masu injin lemo a Kano, Sakkwato da Yamai, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40. Thomas Andrews ya nuna a 1869 cewa da zarar an haura digiri 31 wannan iska ba ta zama ruwa komai matsin da aka yi mata, kuma daga nan matsin cikakkiyar tukunya yakan hau da sauri. A jikin bawul ɗin tukunyar akwai siririn faifan ƙarfe da aka yi domin ya fashe idan matsi ya kai kusa da psi 3,000 ya saki iskar kafin tukunyar kanta ta tsage, kuma barin tukunya a rana ko a rufaffiyar mota ganganci ne da ba shi da uzuri. Dole ne kuma ta tsaya a tsaye, a ɗaure, domin idan ta kwanta ruwan zai shiga na'urar ya daskarar da ita.

Yoyo kuwa ana gano shi da ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da bakin bawul, inda ƙananan ƙwayoyin kumfa ke ta ɓullowa. Iskar ba ta da launi, ta kuma fi iskar shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, don haka takan taru a ƙasan rufaffen ɗaki, kuma idan ta kai kashi 4 cikin 100 tana barazana ga rai nan take.