Wasiƙa Zuwa ga Samari da 'Yan Matan Kagara

Ƙannena,

Idan tunkiya ta haifi ɗa mai tawaya a yankinmu, daga Goronyo har Wurno, abin da aka saba shi ne a ce iska ce, a binne shi kafin gari ya waye, a rufe zancen. Ni dai roƙona ku riƙa tambayar inda uwar ta yi kiwo.

A shekarun 1950 makiyaya a jihar Idaho ta Amurka sun riƙa samun 'yan tumaki masu ido ɗaya tal a tsakiyar goshi. Masu bincike suka bi garken shekara da shekaru, har suka gano wata ciyawa ce: in tunkiya ta ci ta wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki, aikin gama ya gama. Ashe ƙwayoyin halittar ɗan tayi aike suke yi wa juna da sinadarai, wannan ta ce wa waccan ke zama laka, ku kuma ku rabu dama da hagu ku zama idanu. Gubar ciyawar ɗaya daga cikin saƙonnin take tarewa, sai ƙwaƙwalwa ta kasa rabuwa biyu, idanu su haɗe. Daga bin diddigin wannan saƙon ne aka kai ga maganin wani ciwon dajin fata a 2012.

Jikin ɗan Adam ma haka Allah ya tsara shi. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne wajen kwana na 28, lokacin da amarya ba ta ma tabbatar ba, balle kunyar cikin fari ta bar ta ta faɗa wa uwar miji. Shi ya sa ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ake bayarwa wurin awo, folik asid, amfaninta mafi girma kafin a ɗauki cikin ne da makonnin farko. Angwaye, da ku nake. Wanda ya iya haɗa lefe ba zai gaza sayen wannan ba.

Sai dalma. Takan yi shigar burtu, jiki ya ɗauke ta a matsayin kalsiyam, ta rikita saƙon da ke tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara saboda dalmar da ke cikin ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Masu zuwa haƙar ma'adinai, kada ku shigo ɗaki da kayan aiki. Kwallin dutse da kakanni ke rambaɗa wa jarirai ma sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Ku faɗa musu da ladabi.

Wanda abin ya ba shi sha'awa, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Ɗan da ya tashi yana karɓar haihuwar awaki ba baƙo ba ne a ajin, sai dai ya dage da darasin kimiyya tun daga sakandare.

Ku gaishe da mutanen gida.

Yayanku.