Gidan Haya A Kafanchan: Kuɗin Gini Da Kuɗin Gyara

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Fatakwal ta iso Kafanchan, aka kuma ja reshe zuwa Jos a shekarar 1927, garin ya zama matattarar baƙi. Ma'aikatan reluwe da fatake da leburori suka yi ta kwararowa, kowa kuwa yana bukatar wurin da zai sa haƙarƙarinsa. Ta haka sana'ar ba da haya ta kafu. Yanzu harkar jirgi ta ja baya ƙwarai, amma masu neman ɗaki ba su ƙare ba. Ga ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin, ga na Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ga ma'aikatan asibiti da na Ƙaramar Hukumar Jama'a.

Da yawa daga cikin masu gidajen nan ba attajirai ba ne. Wani malamin makaranta ne da ya yi ritaya, wani manomin citta ne daga Kwoi ko Kachia, wata kuwa mijinta ne ya rasu ya bar mata ɗakuna da marayu. Abin da ya fi kayar da irin waɗannan bayin Allah shi ne ɗaukar kuɗin haya gaba ɗaya a matsayin riba, alhali kuwa gida yana da nasa rabo a ciki.

Kafin a buga bulo ko ɗaya, lalle ne a tabbatar da takardar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Shi ke ba da takardar mallaka a cikin birane, ba a kuma jinginar da irin wannan fili ko a sayar da shi sai da yardarsa. A Jihar Kaduna, hukumar KADGIS ce ke lura da rajistar filaye. Takardar ciniki da aka rubuta gaban mai unguwa tana da amfaninta, amma banki ba ya ba da rance a kanta. In gidan gado ne, sai a raba ko a rubuta rabon kowa tukuna, don gidan da yake na kowa da kowa shi ne ba mai gyara rufinsa.

Sa'an nan sai batun kuɗin gini. Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977, shi ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka buɗe a 1992. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, ya sami rance bisa ruwan kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Amma a lura, an yi wannan rance ne domin gidan da mutum zai zauna da iyalinsa.

Rancen bankin kasuwa kuwa sai an yi hattara. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna kuma sukan ɗora nasu a kai. A ɗauki misali: mutum ya ranci Naira miliyan 3 bisa ruwan kashi 30, ya ƙarasa ɗakuna shida, kowanne ana biyan Naira 60,000 a shekara. Hayarsa duka 360,000 ke nan, ruwa kaɗai kuwa 900,000 ne a shekarar farko. Watau hayar ba ta biya ko rabin ruwan ba, balle uwar kuɗi. Saboda haka hanyar da mutanen da suka bi ta fi aminci: a shiga adashi ko ƙungiyar gama kai, a gina ɗaki biyu a sa 'yan haya, a tara abin da suka biya a ƙara biyu. Wanda ya dogara da kuɗin kaka kuma ya tuna da cutar da ta halaka gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023. Kada ya yaye rufi yana jiran amfanin da yake cikin ƙasa.

Gyara shi ne inda ake yawan sakaci. Ƙasar Kafanchan da Kagoro ƙasar ruwa ce, damina takan fara tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, da iska mai ƙarfi a farkonta. Kwano ɗaya da ƙusarsa ta saki ya isa ya jiƙa katako, katako ya ruɓe, gara ta shiga, silin ya rufto. Ruwan da ba shi da magudana kuma yakan kwanta a gindin bango ya ci harsashi a hankali, har a wayi gari bango ya tsage. Don haka tsakanin Janairu da Maris ya kamata mai gida ya kira kafinta ya hau rufi, ya sa birkila ya liƙe tsaga, a yashe lambatu, a duba salga da bakin rijiya. Ya kyautu a nisanta salga daga rijiya, a kuma yi ta a gangare, domin lafiyar masu shan ruwan.

Kuɗin wannan aiki ba ranar ake nemansa ba. Mai ɗakuna shida ya ware hayar ɗaki guda ya ajiye daban, ya ɗauka cewa gidan ne ya kama wannan ɗaki. Mai karɓar hayar shekara a dunƙule shi ya fi bukatar wannan horo, gama kuɗin yakan shigo ne a rana ɗaya, bukatun biki da na makaranta kuwa suna tsaye a bakin ƙofa.

Tsakanin mai gida da ɗan haya, a rubuta yarjejeniya ko da 'yan'uwa ne: nawa za a biya, yaushe, wa zai biya wuta, wa zai kwashe salga. A ba da rasit duk lokacin da aka karɓi kuɗi. In zama ya ƙi daɗi, doka ba ta yarda mai gida ya cire ƙofa ko kwano, ko ya watsar da kayan mutum waje ba. Bisa ƙa'idar da kotuna suka saba bi, in ba a yi wata yarjejeniya daban ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata guda, mai biyan shekara kuwa wata shida. In wa'adi ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana 7, sa'an nan a kai maganar gaban kotu.