Kada Ku Jira Sai Ƙishirwa Ta Kira Ku

'Ya'yana, ku ɗan zauna mu yi magana a kan ruwa. Abin da nake gani a Kasuwar Tudun Wada da ke nan Gusau duk lokacin da bazara ta kama shi ya sa na ɗauko zancen. Matashi zai fara dakon buhuna tun da hantsi, ko ya wuni yana tuƙa Keke Napep, gumi ya jiƙa rigarsa ya bushe har ya bar farin gishiri a gadon baya, amma leda biyu ta fiya wata ce kawai ta shiga cikinsa har la'asar. Da yamma kai ya ɗau ciwo, jiri ya ɗebe shi, sai ya nufi kemis neman maganin zazzaɓi, alhali ruwa jikin yake roƙo.

Kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin babban mutum ruwa ne. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin Gusau ke haura digiri 40, mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya. In ba a mayar ba, ƙoda ce ke fara shan wahala: fitsari ya ragu, tsakuwa ta samu wurin taruwa, in abin ya yi tsanani ƙodar ta kasa aiki. Ku riƙa duba fitsarinku. Idan ya yi duhu kamar shayi, kuma ba ya zuwa sai jefi-jefi, to kun makara da sha.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne irinmu tsofaffi. Idan shekaru suka ja, jin ƙishirwa yana dusashewa. Za ka tambayi kakarka ko a kawo ruwa, ta ce ba ta ji, kuma gaskiya ta faɗa, amma leɓenta a bushe yake. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara 60. Iskar da ke busa su ita ke busa mu. Idan azumi ya faɗo cikin zafi, a rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, kada a ɗura shi lokaci guda. Wanda likita ya ce ƙodarsa ba za ta ɗauki azumi ba, addini ya yi masa rangwame, ya karɓa.

Ku kuma 'ya'yana mata, idan yaro yana gudawa kuka ga maɗigarsa ta faɗa, idonsa ya zurma, yana kuka ba hawaye, ruwan jikinsa ne ya ƙare, ba abin shafawa yake bukata ba. A kaɗa masa ORS, in babu a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a daina ba shi nono. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, in lafiyarsa ƙalau, nonon ya ishe shi ko a tsakiyar bazara. Idan yaro ya ƙi sha ko jikinsa ya saki, daga Tsafe kuke ko Bungudu ko nan cikin gari, a nufi asibiti mafi kusa, kada a bari sai gari ya waye.

Na san ruwa ba ya samuwa a banza, 'yan ga-ruwa ma sai da kuɗi. Duk da haka ku ware na sha tukuna, ku rufe randa, ku fita aiki da gora a hannu. In kun dawo, kafin ku zauna, ku cika moɗa ku kai wa tsohuwa ɗakinta, ku tsaya har ta sha.