Ɗan riƙo da maganin ƙwaƙwalwa: wa ke sa ido?

Yaron da ke gaban uwarsa, in aka ɗora shi a kan maganin ƙwaƙwalwa, yana da wadda ta san barcinsa da cinsa tun yana goye, za ta gane ranar da ya sauya. Ɗan riƙo da yaron gidan marayu sau da yawa ba su da wannan gatan. Bana yana hannun gwaggo, baɗi yana hannun kawu, kowa ya karɓe shi da ledar magani, babu wanda ya san wa ya rubuta, saboda me, zuwa yaushe.

A Amurka, inda hukuma ke ba da yara riƙo a rubuce, an auna wannan matsala. Rahoton ofishin bincike na GAO a 2011 ya gano cewa a jihohi biyar, ana rubuta wa yaran riƙo waɗannan magunguna ninki 2.7 zuwa 4.5 na sauran yaran da ke kan inshorar Medicaid. A 2018 sufeto janar na ma'aikatar lafiyarsu ya ce ɗaya cikin uku na irin waɗannan yara, a jihohin da ya duba, ba a yi musu tsarin jinya ko bibiyar maganin ba. Can ke nan da ake da fayil. Mu namu riƙon na zumunci ne, don haka nauyin duka yana wuyan mai riƙo.

Kafin a kai ga ƙwaya, a tambaya: ciwo ne, ko raɗaɗin rashi? Yaron da ya rasa uwa, ko ya ga an ƙone garinsu, yakan yi fitsarin kwance, ya firgita cikin dare, ya yi ta faɗa ko ya daina magana. Da yawansu abin da suke bukata shi ne wuri ɗaya da za su zauna, da babban da zai saurare su, da ƙwararren mai ba da shawara. Babu abin da ke ɓata mini rai kamar a je kemis a sayo Largactil ko diazepam don yaro ya yi barci a huta. Wannan zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Akwai yaran da magani ne ke ceton su. Irinsu a kai su ga likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ko Dawanau a Kano. Mutum ɗaya ya riƙa raka yaron kullum, da littafi ɗaya da ake rubuta sunan magani, adadinsa, ranar farawa da dalili. Ku tambayi likita wane hali ake son ya sauya, kuma yaushe za a sake dubawa. In magani ya kai biyu ko uku, ku nemi dalilin kowanne.

Sai sa ido. Risperidone na sa ƙiba da hawan sukari, wani lokaci har kumburin nono ga namiji, saboda haka a auna nauyi tun kafin a fara, a ci gaba da aunawa. Haloperidol da Largactil kan murɗe wuya, harshe ya fito, ido ya juye sama. A nan ne ake cewa aljanu sun tashi, alhali illar magani ce da ake warwarewa a asibiti cikin ɗan lokaci. Ƙuraje a jikin mai shan carbamazepine, a koma asibiti ranar. Mai shan fluoxetine kuwa, a makonnin farko a saurari duk maganar mutuwa da ta fito daga bakinsa. Yarinyar da ta kusa balaga, a tattauna da likita kan valproate, domin yana cutar da ɗan tayi.

Kada a tsayar da magani farat ɗaya don kuɗi sun ƙare ko an ga sauƙi. Likita ne zai rage shi a hankali. Ranar da yaron zai koma wani hannu, littafin da katin asibiti su bi shi, a kuma kai sabon mai riƙon gaban likitan su ga juna.