Wa Ya Kamata Ya Zauna a Gaba Ranar Ɗaurin Aure?

A Bisharar Luka 14:7-11 Ubangijinmu ya ga yadda baƙi ke rububin mazauni mai daraja, sai ya gargaɗe su cewa wanda ya ɗora kansa a gaba yana iya shan kunya idan mai biki ya tashe shi. Wasiƙar Yakubu 2:1-4 kuma ta tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujera, su bar matalauci a tsaye. Har yau muna ganin haka: babban mutum ya iso a makare, sai a ɗaga tsohuwar da ta goyi amarya domin a ba shi wuri. Wannan abin kunya ne, kuma yakan bar miki tsakanin surukai shekara da shekaru.

Dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 1108, ta ce ana ƙulla aure a gaban Fada ko dikin da aka ba izini, tare da shaidu biyu. Don haka bayan ango da amarya, shaidun nan ne za su fi kowa kusa da bagade, domin dole su ji alkawarin da kunnensu. Sai iyaye da waɗanda suka yi riƙo. Muƙami ba ya cikin wannan lissafi.

A Boɗinga da Shagari mu kaɗan ne, kuma yawancin masu zuwa taya mu murna maƙwabtanmu ne Musulmi. A al'adarsu maza ke zama wajen ɗaurin aure, waliyyai kusa da liman, mata kuwa suna cikin gida. Dattijon da bai taɓa shiga coci ba zai takura idan muka cusa shi tsakanin mata. Mu keɓe wa dattawa benci guda, matansu ma guda, a inda za su ga komai. Wanda ya fi so ya jira a inuwa har a fito, a kai masa kujera da ruwa, kada a matsa masa.

Katekis ya sanar tun kafin a soma Hadaya cewa baƙo yana iya zama lokacin da muke durƙuso, kuma karɓar Jikin Kristi na 'yan Katolika ne da suka shirya. Faɗin haka da wuri ya fi a mai da mutum daga gaban bagade jama'a na kallo. Masu ɗaukar hoto kuma su tsaya a gefe, kada su tare wa iyaye gani sa'ad da ake sa zobe.