Watanni Shidan da Za a Sake Ku

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini bana za ku fita aiti, kuma wai har ka fara cigiyar wani ofis a Funtuwa inda za a riƙa buga maka hatimi a littafi kana kwance a Mahuta. Ban yi faɗa ba, ni ma na san daɗin tuwon gida. Amma matso mu yi magana.

Wannan tsari da kuke kira SIWES, hukumar ITF ce ta fito da shi a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa yara na fitowa da takarda, alhali hannunsu bai taɓa inji ba. Shi ya sa ake sakin ɗan jami'a wata shida, ɗan poli wata huɗu. A ganina, babban amfaninsa shi ne ka ɗanɗani sana'a tun ba ka aure ta ba.

Ni a zamanina wani gidan gurzar auduga aka tura ni, da kaka. Na tafi da burin zama mai kula da inji. Sati biyu ban cika ba na gane ba hanyata ba ce: ƙarar ta hana ni barci, ƙurar ta sa ni tari, in na fyace hanci sai ka ce abawa zan kaɗa. Sai wani dattijo ya mai da ni wajen sikeli a fuloti. Nan na ga manomi ya kawo audugar da ya yi wata biyar yana wahalarta, aka dubi tabon tsutsa da ganyen da ke cikinta, aka ce lamba biyu ce. Ya dafa buhun, ya dube ni ya ce, "Malam, me na yi ba daidai ba?" Ban da amsa. Kunyar wannan rana ce ta sa na zama malamin gona, har na yi ritaya ban yi da-na-sani ba. Da hatimi na saya, da har yau ina can ina tari.

Kai noma kake karanta, kuma Allah Ya ajiye ka a tsakiyar ƙasar masara, to me za ka je yi a kujerar ofis? Ga cibiyar binciken noma ta Samaru, inda ake fitar da irin masarar SAMMAZ da audugar SAMCOT da muke shukawa. Je ka ga yadda ake rufe goyon masara da takarda don kada wani iri ya shiga wani, da yadda ake gwada wanda ke jure wuta-wuta. Wataƙila ka ji aikin ya kwanta maka, wataƙila kuma ka ga ba ka da haƙurin ƙirga tsiro layi-layi cikin rana. Ko wanne ka gano, ka ci riba.

In kuma kasuwanci ne ke ranka, hutun ƙarshen zango ma ya isa. Bi wani dillalin hatsi zuwa kasuwar Dandume, ka riƙe masa littafi, ka ga inda kuɗin mota da na lebura da na buhu ke cinye ribar da ake gani daga nesa. Wannan babu malamin da zai rubuta maka shi a allo.

Duk inda ka je, riga mai gidan isa, kada ka raina shara ko aike, kuma ka yi tambaya ko da za a yi maka dariya. Littafin naka kuwa, abin da hannunka ya yi za ka rubuta, ba na abokinka ba.

Batun abinci kada ya dame ka, na ware maka buhun masara, ƙanwata da ke Samaru kuma ta ce akwai ɗaki. Ranar Litinin zan shiga Zariya. Ka zo da wasiƙar makaranta, ka kuma nemo tsohon takalmi, don wancan farin naka ba zai kai Juma'a ba.