Ma'aikatan da ke Cikin Tumbin Rago

A unguwar Ƙofar Nassarawa, cikin birnin Kano, gidaje da yawa suna turke rago domin layya. Abincinsa harawa ne da ciyawa da dusa. Mutum ba zai rayu da harawa ba, amma rago yana ƙiba da ita. Mene ne dalili?

A jikin ciyawa da kara akwai wani zare mai tauri. Masana suna kiransa selulos. Cikin mutum ba ya iya narkar da shi. Shi ma rago ba da kansa yake narkar da shi ba. Yana da masu taya shi aiki.

Cikin rago ɗaki 4 ne. Babban ɗakin shi ne tumbi. A nan wasu ƙananan halittu suke zaune. Sunansu bakteriya. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A cokali 1 na ruwan tumbi akwai fiye da biliyan 10. A shekarar 1950 wani masani ɗan Amurka, Robert Hungate, ya yi bayanin yadda ake raba su da sauran halittu domin a yi nazarinsu.

Idan rago ya yi tuƙa, yana ƙara niƙa musu ciyawar ne. Su kuma sai su fitar da wani sinadari mai tsinka zaren, ya koma sukari. Su ci sukarin, su fitar da abin da jikin rago yake tsotsewa. Daga nan ƙarfi da kitse suke samuwa.

Waɗannan ma'aikata ba sa son tsami mai yawa. Idan rago ya cika ciki da hatsi ko ragowar tuwo a lokaci ɗaya, tumbi yakan yi tsami, su mutu. Sai rago ya ƙi cin abinci, ya yi zawo, wani ma ya mutu kafin Sallah.

Don haka mai kiwo ya kiyaye:

1. Kada harawa ta yanke a gaban rago.
2. A ƙara hatsi kaɗan-kaɗan, cikin mako 2.
3. A ba shi ruwa mai tsabta kullum.
4. A kawar da leda, domin babu sinadarin da ke narkar da ita a tumbi.
5. Kada a ɗura masa kafso sai da izinin malamin dabbobi.

Tambayoyi

1. Ɗaki nawa ne a cikin rago?
2. Wane aiki bakteriya suke yi a tumbi?
3. Me ya sa ake ƙara hatsi kaɗan-kaɗan?